Waƙar Inna a Zangon Anza

Kamarawa, ƙasar Isa.

Zuwa ga Yayata Mairama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Wakili da yara, ya ƙara muku rufin asiri a Ibadan, amin. Mu ma lafiya lau, sai yunwa da zafin bazara, waɗanda kin riga kin ji labarinsu. Gero bai yi ba bara, bana kuma har yanzu sama fes take. Cikin 'yan'uwanmu, Atiku yana Legas, Illo ya aiko daga Fatakwal cewa ya sami aikin gadi. Inna ta rame ƙwarai, har ba na son kallon wuyanta, amma tana kan ƙafarta.

Takardarki ta iso, na kuma karanta inda kika ce ba ki ga abin da za ki zo yi gida ba, tunda wadda ta haife ki ko rakiya ba ta yi miki ba ranar da kuka tashi, ta ci gaba da dakanta. Ban amsa ba a lokacin, don ba ni da abin cewa. Kin san kunyar ɗan fari, kowace uwa tana yinta, amma ta Inna ta wuce ta kowa. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanki a bakinta ba, sai dai "waccan". To yanzu na sami abin cewa. Ki yi haƙuri, kin san ni da dogon zance, sai na faro daga tushe.

Anza muke ci yanzu. Ko kin manta ta? 'Ya'yan itacen nan ne masu ɗacin tsiya, da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana sake ruwa kafin su ciwu. Rijiyar gari ko ruwan sha ba ta iya ba mu, shi ya sa matan unguwarmu suka yanke shawara mu tafi can bakin gulbi wajen Turba, inda anzar ta fi yawa, kuma in an tona yashi ana samun ruwa. Muka kafa bukkoki ƙarƙashin tsamiyoyi muka yi zango. Namiji ɗaya ne tare da mu, tsoho Yero mai jakuna, shi ma nesa aka ajiye shi. Na so Inna ta zauna gida, ta ce ba ta tsufa da tsinkar abin da za ta ci ba. Ni kuwa in gaya miki gaskiya, daji ya yi mini daɗi. Babu mai kiranki ki kawo ruwan alwala, sai kukan kurciya da inuwa.

Kin tuna Iya Habi, wadda ta yi zabiya a bikinki? Ita ta ta da zancen. Rabon garinmu da kiɗan ƙwarya tun kafin fari, don wa zai cika masaki da ruwa ya kife ƙwarya a ciki, alhali awaki na mutuwa da ƙishi? Ranar da muka zo zubar da ruwan jiƙon farko, wanda ko jaki ba ya sha, sai ta tare mu, ta ce ruwan nan bai gama aikinsa ba. Ta kife ƙwarya a kai, ta karyo tsinke biyu ta buga. Wallahi Yaya, sai da tsikar jikina ta tashi. Daga ranar, kullum bayan la'asar in an gama aiki, sai mu kewaye masakin.

Sai dai ta kafa doka: ba a yarda da waƙar aro ba. Kowace mace sai ta ƙirƙiri tata, ta tashi tsaye a tsakiya ta rera, mu yi mata amshi. Kuma tunda fari ya watse mana gidaje, ta ce kowa ta kira nata da suka tafi. Na yi ta mamaki, ashe waƙa ma koyonta ake yi? Ni da na ɗauka da ita ake haihuwar mutum. Na dame ta da tambaya har ta ce na fi sauro naci. Ta ce a fara neman amshi, a gwada shi da bugun taɓarya, in bai hau ba a jefar. In magana ta fi numfashi tsawo a datse ta. Kuma a daina rera wa ƙasa, a ɗaga kai. Ni ta ce muryata ba laifi, amma ina cusa zance kamar mai cika buhu.

Da kin ga abin da ya fito daga bakin mata! Tani ƙawata ta yi wa mijinta, wanda ya ce za shi kasuwar Bafarawa sayar da akuya, sai daga Abijan aka ji labarinsa. Ta tambaye shi a waƙar ko akuyar ce ta san hanya. Mun yi dariya har da riƙe ciki, ita kuma tana gamawa ta fashe da kuka. Wata Bafillatana da ta biyo mu ta kira shanunta da suka mutu, kowace da sunanta, rabi da Hausa rabi da Fillanci, kuma babu wadda ta ce ba ta gane ba. Mata da na sani shekara da shekaru, sai a can na san abin da ke cikinsu.

Ni dai hankalina yana kan Inna. 'Ya'yanta uku ne a waje, ta farkonsu kuwa ke ce. Yaya za ta yi? Tani ta ce tsallake ki za ta yi. Ni na ce ba za ta tashi ba sam. Dukanmu ba mu canka daidai ba. Na riƙa jin ta tana ƙunƙuni wajen tsinkar anza, in na matso sai ta yi shiru ta harare ni. Da layi ya zo kanta, ta miƙe ta gyara ɗaurin zane. Ban san Inna tana da murya ba, siririya ce amma tana kai wa nesa. Amshinta shi ne, "Gida na nan, ku komo." Ta kira Illo, muka amsa. Ta kira Atiku, muka amsa. Da ta zo na uku sai ta rufe baki, ƙwarya ta yi ta bugu ita kaɗai daidai tsawon suna, sannan ta ɗaga mana hannu muka amsa. Iya Habi ta ce waƙar ta yi kyau, amma fa ta kira ce, wa zai ji shiru daga uwa duniya har ya amsa? Inna ta ce ita ta san wadda take nufi, ta koma ta zauna. Haka ta riƙa yi kullum, har muka saba da gurbin.

Ranar da za mu tashi, an ɗaure wa jakuna kaya, Iya Habi ta ce kowa ta maimaita tata kafin a zubar da ruwan ƙarshe. Inna ta tashi. Illo, muka amsa. Atiku, muka amsa. Tani ce ke kiɗa, ta shirya cike gurbin kamar kullum, sai muka ji Inna ta ce, "Mairama." Da ƙarfi ta faɗa. Tsinken ya kuɓuce wa Tani, mu kuma muka manta da amshi, muka saki baki. Inna ba ta jira mu ba, ta ɗora wani baiti da ba mu taɓa ji ba. Ta ce ranar da mota ta ɗauki ɗiyarta, ta riƙe taɓarya ne da hannu biyu, don in ta sake ta, za ta bi motar da gudu a gaban mutane. Na yi kuka, Yaya, ban ɓoye ba, kuma ba ni kaɗai ba ce. Iya Habi ta share ido ta ce a sake daga farko, 'yan amshi sun ɓata waƙa. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce ita ta kira, saura a amsa.

Da muka iso gida kuwa, kin koma "waccan" kamar da. Ina ta tambayar kaina, tun yaushe baitin nan yake cikinta? A daji ta yi shi, ko tun ranar da kika tafi? Ba ni da ƙarfin halin tambayarta. Abin da na sani shi ne ta tsufa, yunwar bana kuma ba ta raga wa tsofaffi. Ba na roƙon ki aiko da komai. Ki zo da kanki, ko da kwana kaɗan ne, za ni tarbe ki a tashar Isa.

Ki gaishe mini da Malam Wakili, da Amiru da Binta, ki ce musu ƙanwar uwarsu ta zama mawaƙiya. Maigidana yana gaishe ku, haka Iya Habi da Tani. Inna ba ta ce a gaishe ki ba, kin san hali. Amma da ta ga na ɗauko takarda, sai ta tsaya bakin ƙofa tana kallon waje, ta tambaye ni wace rana ce motar kurmi ke isowa Isa. Jiya kuma na tarar ta share ɗakin da kike kwana a da.

Allah ya kawo mana ruwa, ya kawo mana ke.

Ni ce ƙanwarki,
Bilki.