Askin Habu

Daren Asabar, Tanout

Yau Ilu, mai taya ni aiki, ya ƙi yi wa Habu aski. Habu ɗan daudu ne, shi ke dafa abincin bukukuwan unguwarmu, kuma tun ina da kujera guda yake zuwa shagona. Yana zama Ilu ya ajiye aska.

"Maigida, hannuna ba zai taɓa kan mai neman maza ba. Addinina ya fi mini aikin nan."

Na ce, "Ilu, gashi za ka aske, hisabi ba naka ba ne." Ya fice, mutum biyu da ke jira suka bi shi. Ɗayansu makon jiya na gan shi yana sakin hannu a shinkafar Habu.

Ni na yi askin, raina a ɓace. Ban kori Ilu ba. Yana da iyali a Gangara, kuma gari bayansa zai bi.

Maganar Habu a bakin ƙofa ce ta hana ni barci: "Yaya, ba zan ƙara zuwa ba, kar in kashe maka kasuwa."

Ban ce masa ya dawo ba.