Bakin Wattie da Bugu Biyu

Portskail, ranar Litinin

Yaya Effie,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar taki? Ina fata damshin tsibirin nan naku bai sake tayar miki da ita ba. Yaya tumaki, yaya maƙwabta? Mu nan kowa lafiya, in dai halin da muke ciki ya cancanci a kira shi lafiya.

Abin da kika ji a rediyo gaskiya ne. Keir ɗinmu ya samu shiga babbar gasar ƙwallon lambu, wasan nan da ake bin ramuka goma sha takwas ana jefa ƙwallo ciki da sanda, kuma a filin garinmu, wanda a kan ciyawarsa ya koyi tafiya. Ranar Alhamis za a fara. Gari ya cika ya batse da baƙi. Yau na bi layi a gidan burodi bayan wasu Amurkawa masu gajeren wando, ko da na isa gaba babu ko ɓawo. Hanyar da nake bi ta cikin filin zuwa bakin teku tun ina amarya an gitta mata igiya, wani mai jar riga da ban taɓa gani ba ya ce wai in nuna masa kati.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Kin san shekarun da yaron nan ya yi yana bin ƙananan gasa, yana kwana a mota, da hunturu ya dawo gidan bandar kifi. To ya gaji. Jiya bayan coci ya zaunar da mu ya ce wannan ce ta ƙarshe. Ranar Juma'a ake tankaɗe 'yan wasa, rabi su wuce zuwa Asabar da Lahadi, rabi su tattara su koma gida. In ya wuce zai ci gaba da wasa. In bai wuce ba zai ajiye sanduna ya tafi aikin rijiyar mai ta tsakiyar teku, har an riga an ba shi gurbi. Na ce, "Tekun da ya cinye kawunka Lachie?" Ya ce, "Mama, yanzu ba kamar da ba ne." Haka Lachie ya ce mana, in kin tuna. Kuma kin san Keir, in ya furta magana ko za a yanka shi ba ya janyewa. Tsoro nake ji, Yaya, ba zan ɓoye miki ba.

Sai ga ta biyu. Duk masu ɗaukar wa 'yan wasa jakar sanduna da ke ƙasar nan, wa kike tsammani ya zaɓa? Ubansa. Mutumin naki Wattie, wanda tunda aka haife shi bai taɓa ganin baƙo a filin nan ya bar shi ya yi kuskurensa cikin kwanciyar hankali ba. Duk tsofaffin garin haka suke, a wurinsu abin kunya ne ka ga baƙo zai jefa ƙwallo cikin ƙaya ka yi shiru, amma na Wattie ya fi na kowa. Ke da ba ki damu da wasan ba, bari in gaya miki: a gasa mai jaka ba ya ba kowa shawara sai nasa ɗan wasan. In ya ba abokin karawa, ɗan wasansa ake ƙara wa bugu biyu, a wasan da mai ƙarancin bugu ne ke ci.

Na ce, "Wattie, kwana biyu nake roƙonka, ka ɗinke bakin nan." Ya ce, "Haba Ishbel, ni kika mayar mai surutu?" Daga nan ya shiga yi mini bayanin yadda shi ba mai surutu ba ne har shayina ya huce. Na je kanti na sayo alewar minti cike da leda, zan zuba masa a aljihu, ko bakin ya samu abin yi.

Ki sa mu a addu'a. Keir yana gaishe ki, Wattie ma, ya kuma ce ki daina shafa wa ƙafar man zafi, ki riƙa gasa ta da gishiri. Kin dai gani.

Ƙanwarki,
Ishbel


Portskail, Juma'a da safe

Yaya Effie,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta ƙafa, ina rubuto miki wannan a tsaye, kunu yana kan wuta.

Jiya ta yi kyau. Keir ya yi wasa kamar ba kowa a wurin, ya gama yana cikin na sama-sama. Haka aka ce mini, don ni rabin wasan a bayan tudun yashi na yi shi ina kallon takalmana. In na ji tafi in leƙo, in na ji an yi shiru in koma.

An haɗa shi da wani ɗan Ajantina mai suna Ibarra, siriri, mai ladabi, sai ka ce ba ya cin abinci. Ɗan baffansa ne ke riƙe masa jaka, kuma su biyun babu wanda ya taɓa ganin irin iskar nan tamu. Duk ramin yashin da aka haƙa don tarko a filin sai da bawan Allah nan ya ziyarce shi. Ina hango Wattie yana tauna minti kamar yana tauna tsakuwa, fuska ta yi ja, wuya ya kumbura, amma bai ce uffan ba. Wallahi har ya ba ni tausayi.

Da muka dawo gida kuwa ni na biya. Tun daga bakin ƙofa ya fara: "Kin ga abin da yaron nan ya yi a rami na bakwai? Sama ya ɗaga ta, Ishbel, sama, a cikin wannan iska. Wa ya rene shi?" Na ce uwarsa ta rene shi, kuma ba ta aiko shi wurinka ba, ci kifinka. Keir yana ta dariya. Rabon da in ji dariyar nan tasa har na manta.

Yau an wayi gari da ruwa da iska daga teku. Saura yini ɗaya. Na sake cika aljihun.

Ki huta lafiya.

Taki,
Ishbel


Portskail, ranar Asabar

Yaya Effie,

Ina gaishe ki, ina fata kin tashi lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun.

Keir bai wuce ba. Bari in ba ki labarin yadda aka yi, don rediyo ba zai faɗa miki daidai ba.

Ruwan jiya a kwance yake zuwa. Lema ba ta da amfani, manyan 'yan wasan da ake ji da su sai zubewa suke. Keir ma ya sha wuya, abin da ya tara ranar Alhamis ya yi ta zarewa, amma ya riƙe, yana nan daidai bakin iyakar wucewa. Ibarra shi ma ya farfaɗo ya zo wurin. Haka suka iso rami na goma sha shida.

Kin tuna shi, wanda tudu ya tare, ba a hango tutar ramin sai farin dutsen da aka kafa a sama don a saita. Kowane ɗan garin nan ya san in iska ta taso daga teku dutsen nan maƙaryaci ne, hasumiyar coci ake saitawa, a buga ƙasa-ƙasa. Keir ya buga tasa yadda ya kamata. Sai Ibarra ya zaro sandar da ke ɗaga ƙwallo sama, ya juya ya fuskanci dutsen, yana karkarwa, ruwa na ɗiga daga hancinsa. Bayan dutsen kuwa ba komai sai ƙaya da layin dogo.

Ina jikin igiya, kusa da su ƙwarai. Na ga Wattie ya sa hannu a aljihu ya lalube, ya fito da shi wayam, minti ya ƙare. Na ga ya dubi ƙasa, ya dubi teku. Na ce a raina, ya Ubangiji ka riƙe masa harshe. Sai na ji shi can ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da kansa: "Ba dutsen ba, ɗana. Hasumiya. Kuma ka sauya sanda."

Alƙalin wasa yana can nesa yana kokawa da lemarsa. 'Yan kallo duk sun dunƙule cikin riguna. Babu wanda ya ji sai su huɗun da ni. Ibarra ya mayar da sandar ya ɗauki wata, ya buga, can bayan tudu muka ji tafi. Keir bai dubi ubansa ba, ya dai sa hannu a aljihu ya yi gaba.

Ya gama ramuka biyun da suka rage lafiya lau. Allo ya nuna ya wuce, da rarar bugu ɗaya. Garin nan kaf yana ihu, matar mai gidan burodi ta rungume ni tana kuka. Ni ma na yi kukan, na ce shi ke nan, teku ya rasa. Ashe yaron nan da ya shiga rumfar da ake sa hannu a kan sakamako, kafin ya zauna sai da ya kira alƙali ya gaya masa komai. Aka ƙara masa biyu. Muna tsaye muka ga an sauke sunansa daga allo.

Da ya fito na ja shi bayan wata mota na ce, "Wa ya tambaye ka? Wa ya ji?" Ya ce, "Ni na ji, Mama." Na ce, "To kai kaɗai ne mai kunne a duniya?" Ya share mini ruwan da ke fuskata da hannun rigarsa. Ibarra kuwa ya samu wucewa, don shi bai roƙi shawara ba, doka ba ta hau kansa ba. Ya zo yana hawaye yana riƙe hannun Keir yana magana da yarensu, har sai da Keir ya koma shi ke ba shi haƙuri.

Shi kuwa gogan, Wattie, a gida na same shi zaune a kicin da jiƙaƙƙun kaya, ko hula bai cire ba. Na tanadi maganganu tun daga hanya, na zazzage masa su tas. Da na gama ya ce, "Baƙo ne, Ishbel. Cikin ƙaya zai jefa ta ina tsaye." Na ce, "Shi ya sa ka jefa naka ɗan cikin teku." Na san ta yi nauyi. Ban janye ba, kuma har yanzu ban ji zan janye ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, yau duk inda na bi sai a tare ni a miƙo hannu. Wai Keir ya fitar da garin kunya, wai Wattie ya yi abin da kowane ɗan Portskail zai yi, wai na iya tarbiyya. Wani tsoho har da cire mini hula. Saura kaɗan in kwaɗa masa jakar cefane. Uba da ɗa duk sun yi daidai, kowa ya yarda, ni kuma sai in dafa daidai ɗin in ci.

Ki gaida kowa. Ba ni da sauran abin faɗa yau.

Ishbel


Portskail, ranar Laraba

Yayata Effie,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso jiya, na gode, na karanta ta har ta yi laushi. Na ji daɗi da ƙafar ta yi sauƙi.

Baƙi sun watse, ana kwance rumfuna. Wani ya ci kofin, ban ma tsaya jin sunansa ba.

Mun yi iya ƙoƙarinmu. Na ce wa Keir ai a wasa ya wuce, kowa ya gani, alƙawarin bai kama shi ba. Ya ce ba haka allo ya nuna ba. Wattie ya same shi a ɗaki, ina jin su ta bango. Ya ce, "Laifina ne, ba naka ba. Ka nemi wani mai jakar, kurma in da hali, ka sake gwadawa baɗi." Keir ya ce, "Baba, kai ka koya mini mai jaka da ɗan wasa mutum ɗaya ne. Kada ka sauya yanzu." Babu faɗa, babu ɗaga murya. Da ma sun yi faɗan da na samu inda zan shiga.

Yau da safe ya tafi. Wattie ya hana shi taɓa jakar kayansa, ya saɓa ta a kafaɗa, ya bi shi a baya har tashar bas. Ni ina gefe da ƙunshin kifi da burodi, ina ta faɗan safa da rigar sanyi don kada in yi kuka a gaban mutane.

Da bas ta tsaya, Keir ya karɓi jakar, ya tsaya yana duban ubansa. Ya ɗan yi murmushi ya ce, "To Baba, ni ne naka ɗan wasan, ni doka ta yarda ka ba shawara. Ina zan saita?"

Yaya, mutumin nan da ya koya wa likita aikinsa, ya koya wa fasto wa'azi, ya buɗe baki ya rufe. Ya sake buɗewa. Direba yana jira, kowa yana jira. Can ya ce, "Ban san wancan filin ba, ɗana."

Keir ya rungume shi ya shiga. Muka tsaya har bas ta sha kwana, sannan muka tako gida, ni a gaba shi a baya. Har yanzu fushi nake da shi, amma na zuba masa shayi ya sha.

In ƙafar ta bari ki zo mana kafin sanyi ya shigo, gidan ya yi mana girma. Allah ya tsare ki, ya tsare na kan ruwa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Ishbel Tulloch