Layin da na tsallake a takardar likita

Gwaggo Mairo, don Allah ki taimake ni. Ban iya faɗa wa kowa wannan magana baki da baki, shi ya sa na rubuto miki.

Shekarata goma sha bakwai, ina aji huɗu na kolej a Gidan Rumji, amma gidanmu yana wani ƙauye kusa da Gidan Sori. Ina da shekara huɗu ciwon nan mai cin bakin yara ya kama ni. Na rayu, sai dai kuncina na hagu ya lotsa ciki. Tun da na shiga lakol, wato makarantar boko, nake zaɓen benci na jikin bango don in ɓoye wannan gefen. ’Yan aji suna kirana Rabin Wata. Ko na san amsa ba na ɗaga hannu.

Bara Baba ya kai ni wani asibiti a Yamai, inda wasu likitoci baƙi suke zuwa gyaran fuska. Wata likita a cikinsu ta ce za su zuƙo kitse daga cinyata su cika kuncin da shi. Ta ce jiki yakan shanye wani kashi bayan watanni, don haka sai an ƙara. Da yake ni siririya ce, da ƙyar za a sake samun abin ɗiba, sai ta ce za su daskarar da ragowar a cikin wata tukunyar ƙarfe mai tsananin sanyi, da sunana a jiki, har su dawo.

Takardar amincewa da Faransanci take, Baba kuwa ba ya ji. Ni na karanta masa. Da na zo layin da ya ce ya yarda a ajiye kitsen, sai na tsallake. Ya dangwala yatsa yana sa mini albarka, yana gaya wa mutanen ɗakin cewa ɗiyarsa ce idonsa.

Gwaggo, ba don raini na yi ba. Na san Baba. In aka yi masa aski, da kansa yake tattara gashin ya binne, haka ma farce. Lokacin da injin niƙa ya cire wa Kawu Bakari yatsa, Baba ne ya naɗe yatsan a farin ƙyalle ya kai maƙabarta. Kullum cewa yake jikin mutum amana ne, ba a barin ko ƙwayarsa a hannun baƙi. Da ya ji wannan layin, da mun kamo hanyar gida a ranar.

Aikin ya yi kyau. Wata biyar na yi ina cin abinci a gaban mutane. Yanzu kuncin ya fara komawa, kowace safiya ina taɓawa ina ji.

Makon jiya wasiƙa ta zo, likitocin za su dawo bayan zaɓe, kuma an rubuta ƙarara cewa kitsen da aka ajiye yana nan. Ina karanta wa Baba sai na yi tuntuɓe a wurin. Ya dube ni, ya karɓe takardar ya ninke, ya ce Mushe Isaka, tsohon malamin lakol ɗinmu, zai sake karanta masa. Mushe ya tafi aikin rajistar masu zaɓe, sai ƙarshen wata zai dawo.

Na yi tunanin sace wasiƙar in ƙona. Na yi tunanin in riga Baba ganin Mushe, in roƙe shi shi ma ya tsallake. In Baba ya sani, zai ce a miƙo masa abin ya binne, ba zai sake kai ni ba, ba kuma zai ƙara ba ni takarda in karanta masa ba. Ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba. Karatun birbe, jarrabawar gama kolej, ma ya gagare ni. Me zan yi?

Mai zama jikin bango, Gidan Rumji

Ɗiyata,

Kada ki ƙona komai, kada kuma ki jawo Mushe Isaka cikin wannan. Dattijo ne, ba zai yarda ba, in ma ya yarda kun zama mutum biyu masu yaudarar mahaifinki.

Abin da kika yi kuskure ne, kin kuma sani. Amma na gane yarinyar da ta ga ƙofa ta buɗe mata sau ɗaya, ta ji tsoron a rufe. Shi ma Baba ba duhun kai ke damunsa ba. Mutumin da ke girmama yatsan ɗan’uwansa har haka, shi ne kuma ya bar gonarsa ya kai ki Yamai. Ina jin ya riga ya gane akwai abin da kika ɓoye. Jira yake ya ga daga bakin wa zai fito.

Ki je gida Juma’ar nan. Ki fara gaya wa mahaifiyarki, ku shiga wurinsa tare. Ki faɗi abin da kika tsallake da dalilinki, ba tare da kwana-kwana ba. Zai yi fushi. Ki bar shi ya yi.

In ya huce, akwai abin da za ki sa a gabansa. Kitsen nan ba jefar da shi aka yi ba, ajiya ce don a mayar da shi jikin da ya fito. Ni ba malama ba ce, don haka ki roƙe shi ya tambayi malamin da ya amince da shi ko wannan ya saɓa wa girmama jikin mutum. Sannan ku rubuta wa asibitin, Mushe ya rubuta a gaban Baba: wa ke tsaron ajiyar, ko za a ba ku abin da ya rage ku binne, kuma ko za a iya ɗibar sabon kitse ranar aikin. Na tambayi wani likita, ya ce da yawansu sun fi son sabo in ya samu. Ke nan ko Baba ya dage sai an binne, ba lalle aikin ya rushe ba.

Ban miki alkawarin zai amince ba. Amma in ya ji daga bakinki, akwai sauran magana a tsakaninku. In ya ji daga bakin Mushe a gaban mutane, kunya za ta hana shi sassautawa ko da yana so.

Allah Ya sanyaya zuciyarsa, Ya ba ki lafiya da sa’ar jarrabawa. Kada Juma’ar nan ta wuce ki.

Gwaggo Mairo