Hoton Yaya Lawal a Shafin Tsakiya

Daga ofishin Babban Edita, bene hawa na bakwai, birnin Ikko.
Zuwa ga Malam Lawal Tela, Ƙofar Marusa, Katsina.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya haskaka makwancinka, amin. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, don babu gidan wayar da ke kai saƙo inda kake. Kada kuma ka yi mamakin ganin ta da ajami, tafiretarmu ce ta lalace.

Ina farin cikin sanar da kai cewa hotonka ya fito a mujallarmu.

Tuntuni labarinka ya iso mana. An ce tun kana koyon ɗinki kake tsintar shafukan mujallu wajen mai ƙosai, masu hoto baƙi da fari, ka goge man da hular kanka, ka manna a bangon shago. Daga nan aka shigo da masu labari cikin hotuna, waɗanda magana ke fita daga bakin mutum kamar hayaƙi. Ka tuna? Kai ba boko, ni ba boko, allo kawai muka sani. Sai in ɗora mujallar a cinya in yi ta zuba maka fassara. Na ce mai baƙin tabarau ɗin nan Bakatsine ne daga Kambarawa, tsiren da aka cinye masa yake nema. Kana taka keke kana dariya har zare ya tsinke.

Da kuɗin man fetur suka shigo, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, mujallu ma suka yi ƙiba. Takarda ta yi santsi, hotuna suka yi launi, har ƙamshi gare su. Samari na zuwa da shafi a naɗe, su nuna wando mai faɗin ƙafa su ce irinsa suke so. Kallo ɗaya kake yi ka yanka. Idan rana ta yi sanyi, haske ya faɗo kan bangon nan, sai in ga kamar mutanen ciki za su sauko su zauna a benci su jira ɗinkinsu.

A nan ka ga shafin da masu karatu ke aika hotunansu. Ka ɗinka wa kanka kwat, ka tsaya gaban labulen mai hoto, wanda aka zana wa jirgin sama. Malamin makarantar unguwa ya rubuta adireshi, ka ba ni ambulan in jefa a gidan waya. Burinka dai mutanen Ikko su ga ɗinkin Katsina.

Ban jefa ba, Yaya. Cikin gafakata na ɓoye hoton. Niyyata in manna shi da kaina cikin wata mujalla, in bari ka zaga unguwa kana nunawa, sannan in ɓamɓare a gaban kowa. Wata biyar kana buɗe kowace sabuwa daga shafin nan, ka duba, ka rufe, ka ce Ikko da nisa. Kullum ina cewa sai ta wata mai zuwa, wasan zai fi daɗi. Ina na san motar da ka hau zuwa Kano sayo sabon keke ba za ta kai ba?

Labarin gida: Sani yaron shagonka ya karɓi shagon, ya so ya shafe bangon da farar ƙasa, na hana. An fara kawo mujalla da Hausa, amma da boko, don haka har yanzu ni ke fassara. Ba mai dariya irin taka.

Bayan sadakar arba'in Inna ta ce da ma akwai hotonka ko ɗaya a gidan. Babu, sai wanda na hana tafiya. Na sayo sabuwar mujalla, na jiƙa ƙaro, na manna ka a shafin tsakiya, tsakanin wata farar mota da teku. Ka dace da wurin ƙwarai. Na kai mata na ce ga shi an buga. Ta daɗe tana kallo. Ta bi gefen hoton da yatsa, inda ƙaron ya yi tudu, ta dube ni. Ta naɗe mujallar da kallabi ta sa cikin kwallarta.

Ita ta gane ta yi shiru. Kai fa? Duk fassarar nan da na yi ta yi maka, ka taɓa yarda da ko ɗaya? Ko ambulan ɗin ma ka sani, kana jira ne in faɗa da bakina?

To ga shi na faɗa. Babu bene, babu Ikko. A zauren gidanmu nake, da alƙalamin kara da tawadar da ka san warinta. Ka yafe mini wata biyar ɗin nan. Allah Ya jiƙanka, Ya sada mu a inda ba a jiran wata mai zuwa.

Ni ne wanda ka aika bai je ba,
ƙanenka, Iro.