Albasarmu Ta Maƙale Saboda Sunan Garba

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lahiya, kai da Hajo da ɗiya duka. Ya zaman Kumasi, ya jikin naka? Mutanen Goronyo suna gaishe ka.

Albasar da kake jira tana nan tsaye bakin iyaka, cikin rana. Na miƙa takardunmu masu hatimi, jami'in ko kallonsu bai yi ba, wai yanzu komi cikin kwamfuta yake. Da anka buɗe, sai ga Garba a matsayin mai kaya, don sunan ke nan da na faɗa wa mai shagon da ya shigar muna da bayanan. Katina na shaida kuwa Abubakar ke rubuce.

Na ce, "Ranka shi daɗe, wane Garba ne ba Abubakar ba?"

Ya ce, "Ni na sani, sunan babana ke nan. Na'urar ce ba ta sani ba."

An tura gyara, babu ranar amsa. Direba ya ce buhunan da ke ƙasa sun fara wari. Mi zan ce wa maƙwabtan da sunka zuba noman raninsu cikin motar nan bisa amanata?

Ku sa mu cikin addu'a. Ka gaishe da Malam Isa.

Ƙanenka,
Abubakar, wanda kuka sani da Garba.