Na Ce Wa Ɗan Farina Ban Cancanci Takwara Ba

Hajiya mai filin shawara, ki taimake ni don Allah. Mu nan Gangara lafiya lau, maigida ya samu sauƙin ƙafarsa, yayata Shatu ce dai ido ke damunta, ni kuma barci ya ƙaurace mini. Ki yi haƙuri da rubutuna, da girmana na shiga karatun manya.

Ɗan farina ne, ba zan iya rubuta sunansa ba. Ana yaye shi Shatu ta ɗauke shi, kamar yadda aka saba. Ita ta sa shi lakol, wato makarantar boko, ita ta yi jinyar ƙyandarsa. Ni ko kallonsa ba na yi gaban mutane, don kunya. Yanzu yana koyar da Ingilishi a Gazawa.

Matarsa ta haifi mace, ya kira ni ya ce sunana zai sa. Na ce ban cancanta ba, gara ya sa na Shatu. Ya ce a Ingilishin da yake koyarwa, kalmar cancanta ba ta mai wahala ce kaɗai ba, ana faɗinta ga wanda ke da daraja a zuciyarka. Na ce ni ban san Ingilishi ba, na kashe waya. Na zagaya bayan rumbu na yi ta kuka. Bai sake kira ba. Ya faɗa wa ƙanwarsa wai dama ya san ban taɓa son shi ba. Ranar Asabar ne suna, ki amsa mini kafin Juma'a.

Uwa daga Gangara

Baiwar Allah, kunyarki tarbiyya ce, kuma tuna wahalar Shatu adalci ne. Amma takwara ba ladan aiki ba ce da za a auna wa ya fi gumi. Ɗanki ya daɗe yana jiran alama ɗaya daga gare ki, ya miƙo hannu, ya ji an ture. Shi ma ya yi gaggawar yanke hukunci, sai dai bai ga kukan bayan rumbu ba.

Ki fara da Shatu, ki faɗa mata komai, kada ta ji a bakin wasu. Sannan ki tafi Gazawa tun kafin taro, kada ki aika kowa. In bakinki ya kasa, ki karɓi jaririyar a gabansa, ki goya ta. Sunan da zai sa, ki bar masa, haƙƙinsa ne.

Allah Ya raya ta, Ya ba Shatu lafiya, Ya sanyaya zuciyar ɗanki.