Na Wuce Autanki a Layi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki.

Inna, an sako Sanusi. Autanki ya dawo daga hannun 'yan bindigar da suka ɗauke shi a gonar gero tun damina. Yana raye. Sauran labarin ne ya tsaya mini a wuya.

Kin tuna muna tsintar shinkafar Gummi a faifai? Na kwashe tsakuwa tas, na miƙo miki ina taƙama, ga ƙwari suna yawo a kai ban gansu ba. Kika dungure mini kai kika ce, "Ido ɗan aike na, abin da kinka aike shi, shi ɗai yaka kawowa." Na ɗauka faɗan tsofaffi ne kawai.

Ranar da aka kawo waɗanda aka sako garin Bukkuyum, an zaunar da su layi guda a gindin katanga. Ni rigar ƙwallo ruwan ɗorawa na je nema, wadda ya fita da ita, da kumatun nan nasa da kike tsokana. Na bi layin har ƙarshe. Na ga ƙafafu a kumbure, na ga leɓuna a tsattsage, ban ga ɗorawa ba. Na dawo na sake bi. Akwai wani ramamme yana ta kallona, har na tattare zanena don kada ya taɓa gyambon ƙafarsa.

Na juya zan fita ina kuka, sai na ji an ce "Yaya" a bayana, can ƙasa-ƙasa. Ramammen nan ne, rigar ce a jikinsa, Inna. Ita ce dai, datti ya cinye launinta.

Bai taɓa tayar mini da maganar ba. Da ma ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Yana cin tuwo, gyambon ya fara kamewa. Amma duk sanda na shiga ɗakinsa, kafin in buɗe baki sai ya tashi zaune ya ce, "Yaya, ni na, Sanusi." Ba gatse yake yi ba. Tsoro yake ji kada in sake wuce shi, kuma wannan ne ke kashe ni.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki. Ni kuma Allah Ya nuna mini safiyar da zan shiga ɗakin nan ya ci gaba da kwanciyarsa, bai gaya mini sunansa ba.

'Yarki mai kewarki,
Hadiza